Talata, daga shagon gyaran waya a Garwa

Yau tun safe zafi ya sauko, wuta ma sai ɗaukewa take, ina zaune ina fifita da kwali sai ga Hajiya maƙwabciyarmu da wayar ɗanta, ekiran ya tsage tun daga sama har ƙasa. Tace wai a moto ya faɗi jiya da yamma. Yaron na tsaye a bayanta, ɗan aji biyu a lise, ido ya yi ja, yana ta dafe ƙeya. Na canja ekiran na kunna don in gwada, bidiyon ƙarshe ne ya buɗe da kansa, kuma babu moto ko ɗaya a ciki.

Su uku ne a jere a bayan katangar lekol, wani ya ɗauka da tashi wayar ya turo mishi, shi ne a tsakiya, aka ce ya yi tsalle, yana sama na gefe biyun suka kwashe mishi ƙafa ya dawo da baya, kai ya fara dukan ƙasa, waya a aljihu. Ana jin dariya. Wannan wasan fasa kai tun 2020 ya zaga TikTok, na ɗauka ya mutu, ashe yanzu ya iso wajen namu yaran.

Nace Hajiya dan Allah kar ki taɓa shi tukun, ya yi amai? Tace sau biyu da dare, ta ɗauka zazzaɓin sauro ne ta bashi magani. Nace bar maganar waya, ku wuce asibiti yanzu, wanda ya bugu a kai yana amai, ko barci na fizgarsa, ko ciwon kan na ƙaruwa, ba a kwana da shi a gida, jini na iya taruwa a ciki waje kuwa lafiya lau. Yaron ya fashe da kuka yace kawu tsoron bulalar baba nake. Kunji fa, ya gwammace ya kwana da fasasshen kai da ya buɗe baki.

Bayan isha'i na kawo zancen a majalisa, Alhaji mai goro yace magani ɗaya ne a ƙwace waya a zane yaro. Ni ban yarda ba wallahi, ka ƙwace ya kalla a ta abokinsa, kuma dukan ne ke koya musu ɓoyewa, alhali waɗannan wasannin lokaci ne ke kisa a cikinsu. Akwai wasan shaƙe wuya da gyale ko igiya har mutum ya suma, ƙwaƙwalwa in ta rasa iska minti kaɗan ta fara lalacewa, kuma yawanci yaro shi kaɗai yake yi ya kulle ɗaki. A Janairun 2021 yarinya 'yar shekara 10 ta rasu haka a Palermo ta Italiya, har hukuma ta tilasta wa TikTok toshe waɗanda ba a tabbatar da shekarunsu ba. Wasan haɗiyar farasitamol ya fi ban tsoro ma, wanda a farkon 2025 hukumomin lafiya a Beljiyam suka yi gargaɗi a kansa, don mu nan kowane tebur ana sayarwa, yaro zai haɗiye da yawa ya wuni garau, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku hanta ta nuna, maganin karya shi kuwa cikin awa 8 na farko ya fi aiki.

TikTok da kansu sun ce sai shekara 13, amma wa ke dubawa, a shagona nake ganin 'yan firamare da akawun, da wayar uwa ma wani lokacin. Iyaye ku riƙa kallon wuyan yaranku, in kunga shaida ko ja a ido ko yawan kulle ƙofa ko kwalin magani ya ragu ku tambaya da sanyin murya, ku ce mishi in ya faɗa ba duka. Malam liman yace zai taɓo zancen ranar Juma'a, ni kuma gobe zan tura saƙon murya a gurup ɗin iyaye na WhatsApp, da Hausa da Fillanci, amma bidiyon kam ba zan yaɗa ba, wasu yaran darasi za su ɗauka a ciki.