Yadda ake ɗaga kaya ko sauke shi a akwatin binciken shagon intanet

Koken masu sayar da yadi a kasuwar Wuse da suka buɗe shafin ciniki kusan iri ɗaya ne: mai saye ya rubuta "shadda", sai wani tsohon yadi da ya daɗe a sito ya fito a sama, sabuwar Getzner kuwa sai an gangara can ƙasa. Injin binciken ba laifinsa ba ne. Elasticsearch, ɗaya daga cikin injinan binciken da ake sa wa shafin ciniki, tun fitowarsa ta 5.0 a 2016, da wani lissafi mai suna BM25 yake ba kaya maki, mai maki mafi yawa ya hau sama. Abin da lissafin ke dubawa shi ne: sau nawa kalmar ta bayyana, ƙarancinta a sauran kayan, da gajartar rubutun. Bai san riba ba, bai san Sallah ta ƙarato ba. Wannan sai mutum ya sa hannu.

Amma kafin a taɓa maki, a duba sunayen kayan tukuna. Yawancin matsalar a nan take. Wani ya rubuta "ɗinki", wani "dinki", domin wayarsa ba ta da haruffa masu ƙugiya. Matatar haruffa ta Elasticsearch mai suna asciifolding tana mayar da ƙ, ɗ, ɓ zuwa k, d, b, dole kuma a sa ta a wajen shigar da sunayen kaya cikin injin da wajen bincike duka. Sai a haɗa "atamfa" da "ankara" a jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya, tunda Abuja ba Bahaushe kaɗai ke saye ba.

In an gama wannan, sai ƙarin nauyi. Ana iya ba sunan kaya nauyi ninki uku kan bayaninsa, a rubuta title^3 a umarnin bincike (title shi ne gurbin sunan kaya). Ana kuma iya ninka makin sabon kaya da umarnin function_score. A nan ake yawan yin ɓarna. Wasu ƙara lamba suke yi kai tsaye, a ce 10. To makin BM25 ba shi da tsayayyen ma'auni: a wani binciken mafi girma 18 ne, a wani bai kai 3 ba. Goman nan sai ta danne komai a na biyun, mai neman "hula" ya riƙa cin karo da leshi saboda kalmar ta faɗo a bayaninsa. Ninkawa ta fi aminci. A fara da 1.2, in bai isa ba a je 1.5. Duk kayan da sai an ninka shi da 5 zai taso, sunansa ne ke da gyara.

Saukewa ba ta da wahala. Da umarnin boosting ake yi, a sa negative_boost, wato lambar da za a ninka makin kayan da ita, tsakanin 0 da 1, 0.5 na raba makin biyu, kayan yana nan amma ya koma baya. Ya dace da yadin da ya rage yadi biyu ko uku.

Kafewa kuma ita ce mai ƙarfi, ita ce kuma mai haɗari. Da umarnin pinned a Elasticsearch, ko fayil ɗin elevate.xml a Solr, ko Rules a Algolia (su ma injinan bincike ne), ana cewa: duk wanda ya rubuta kaza, wannan kayan ne na farko, maki ko ba maki. Kayan da aka kafe ba ya sauka don kansa. Ya ƙare a shago, yana nan a sama, mai saye daga Gwarinpa ya biya kuɗi, a dawo ana ba shi haƙuri. Don haka sharaɗin "akwai a sito" a kan binciken gaba ɗaya ake sa shi, ba a cikin umarnin kafewa ba, ya hau kan kafaffen ma. Kada a kafe fiye da biyu ko uku a kalma ɗaya, kowanne kuma a rubuta wanda ya kafe shi da ranar cirewa, in ba haka ba kayan ƙaramar Sallah sai su kai Babba.

Duk wannan a cikin shafinka ne kawai. Google ba ya ba mai shafi irin wannan dama. Ma'aikatansa dai kan sauke shafin da ya karya ƙa'ida, a ga sanarwar a Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafi.

Bayan kowane canji, a ɗauki kalmomi ashirin da aka fi nema, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a kwatanta goman farko da yadda suke kafin a taɓa.