Ranar Alhamis a bakin Kasuwar Dole

Da asuba na taso daga Maraɗi, muka wuce Tasawa da Takeita ba wata tangarɗa. Sai da na shigo Damagaram tafiyar ta cije. Daga tasha na hau adaidaita zuwa gidan kawuna a Birni, muna isa bakin Kasuwar Dole muka maƙale. Wata babbar mota ce ke sauke buhunan gero, ta tare rabin titi, 'yan kabu-kabu na kutsawa ta ko'ina, ga amalanke a tsakiya.

Dattijon da ke tuƙa ni ya kashe inji, ya ce, "Ɗana, man da nake ƙonawa a tsaye, wa zai biya ni?"

Na ce, "Baba, akwai biranen da suka sa wa cunkoso farashi." Singafo ce ta fara a 1975. Landan ta bi a 2003, fam 5 ga motar da ta shiga tsakiyar gari da rana. A Stockholm an yi gwaji a 2006, motoci suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, aka tabbatar da tsarin a 2007. Dalilin kuwa shi ne, mai mota kuɗin mansa kawai yake lissafawa, lokacin da ya cinye wa na bayansa ba ya cikin lissafinsa. Idan aka caje shi, wanda uzurinsa bai matsa ba sai ya canja lokacin fitowa.

Baba ya girgiza kai. "Wani harajin kuma? A kan fasinja zai ƙare."

Ban musa masa ba, don yana da gaskiya, kuma maganar ta tsaya mini a rai. A Landan kuɗin da aka tara sufuri ake mayar wa, musamman bas-bas, don wanda ya ajiye mota ya sami abin hawa. A nan kuwa kabu-kabu da adaidaita su ne abin hawan talaka, cajin su zalunci ne. Ni da za a ji ta tawa, manyan motoci za a caja idan suka sauke kaya da rana a bakin kasuwa, mai saukewa bayan isha'i ko da asuba ya shiga kyauta, kuɗin kuma a gina wurin sauke kaya da su, kowa ya gani da idonsa.

Da muka kai Birni na ƙara wa Baba kuɗin mai. Na tarar kawu ya riga ya fita sallar la'asar.