Turmin Inna

Asabar. Ban yi niyyar leƙa ko ƙofar gida ba yau, sai ga kiran Baffa da hantsi: ruwan daren jiya ya kayar da katangar gabas ta tsohon masauki, in zo a tsamo abin da ya tsamu. Na hau babur, laka har gwiwa.

Ko da na isa, Goggo ta riga ni. Tana zaune kan kujera 'yar tsugunno a bakin zaure, da sandarta, tana kallon yara suna janye azara. Ni kuma da ɗan karen bakina, ina amsa wayar wani abokina, na ce ai otal ɗin farko na garinmu ne ya rushe. Ta ɗago kai.

"Otal? Kai ɗan nan, wanke bakinka. Gidan ubanmu ba a taɓa shiga da kwalba ba."

Na ba ta haƙuri. Gaskiyarta ne. A wajensu otal wurin 'yan iska ne, wannan kuwa masauki ne, kakana kuma fatoma.

Jirgin ƙasa ne ya kawo shi nan. Dogo ya iso Kano a 1911, sannan aka ja reshe ta Ringim da Taura da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Duk inda aka yi tasha sai sikelin gyaɗa ya biyo baya, sai mutane. Kakana ya baro ƙauyensu da jakuna biyu da amaryarsa, ya kafa zaure jifa ɗaya da tasha, ya jera ɗakuna a bayansa, ya haƙa rijiya, ya kafe turaku.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki. Ko anini. Fatoma zai sauke ka, ya adana kayanka, ya nemo maka mai saye, in an ɗauki kaya bashi shi ne zai tsaya. Sai ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa. Wanda ya ci amanar baƙo sau ɗaya, labarinsa zai riga jirgi isa Nguru. Haka Buzaye suke sauka da kanwa da dabino, Yarabawa da huhun goro, masu shanu suna jiran tarago.

Duk wannan na sha ji daga bakin maza. Yau ne Goggo ta ba ni ɗaya ɓangaren, bayan yara sun tono wani ƙaton turmi daga ƙarƙashin ƙasa, bakinsa ya tsage. Ta sa aka mirgino mata shi, ta daɗe tana shafa shi.

"Suna nasa ne," in ji ta, "amma masaukin nan a cikin turmin nan yake."

Ta ce da kaka, lokacin awon gyaɗa, Inna, mahaifiyarsu, ba ta sanin adadin bakin da za ta ciyar sai an yi magariba. Jirgi zai yi kuka, Baba ya leƙo ya ce a ƙara tsaki. Ke nan. Ba ya faɗin mutum nawa. Tun kafin assalatu ake surfe, ita da 'yan matan gida, a yi kunu, a dama fura da rana, da dare tuwon dawa da miyar kuka a manyan akusa. Goggo tana da shekara bakwai aka ba ta taɓarya. Ta nuna mini tafin hannunta tana dariya, wai kantar ba ta taɓa bajewa ba. Baƙin da suka shekara ashirin suna sauka a gidan ba su taɓa ganin fuskar Inna ba, sai dai su aiko da goro ko turmin atamfa a ce a kai wa uwar gida. Ni dai na ji kunya, don ko cikakken sunanta sai yau na tambaya.

Mutuwar masaukin ba ta da dogon labari. Farin 1973, cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, ga manyan motoci sun ƙwace kaya daga jirgi. Baƙi suka koma bakin kwalta.

Mun kuma samu akwatin ƙarfe, ciki da kwabbai masu huji da takardu na ajami da ruwa ya jiƙa. Baffa yana ta lissafin shaguna nawa filin zai ɗauka. Goggo ba ta tanka masa ba, sai ta ce a kai mata turmin ɗakinta. Na nemo mai kura, muka ɗora.

Takardun suna nan na shanya a tabarma. Layi ɗaya kawai na iya karantawa zuwa yanzu: bashin sule uku na wani mutumin Nguru, an ja masa layi, an rubuta ya biya.