Shekarar da na haɗe bukukuwan ƙauyukan Goa wuri guda

Matata 'yar Goa ce ta ƙasar Indiya, kuma ta dalilinta na shiga ƙungiyar mutanensu a garin Swindon na Ingila. An ɗora mini sakatare ne saboda dalili ɗaya, wato ba ni da ƙauye. 'Yan yankin Salset ba su yarda ɗan Bardez ya riƙe littafi ba, su ma 'yan Bardez haka, sai aka ga Bahaushe ne kaɗai ba zai karkata ba. Na ɗauki abin a matsayin yabo, ashe rashin ƙauyen nan ne zai kai ni ya baro.

Na tarar kowane ƙauye yana da bikin waliyyinsa na addinin Kirista, da hayar zaurensa, da makaɗansa, ga bikin San Juwan na 24 ga Yuni, ga na Faransis Zabiya na 3 ga Disamba wanda ya shafi kowa. Da na lissafa kuɗin haya sai na ga almubazzaranci ne zalla. Na kawo shawarar a soke bukukuwan ƙauyuka, a yi gagarumin taro guda a kusa da 20 ga Agusta, ranar tunawa da shigar Konkani, harshen mutanen Goa, cikin tsarin mulkin Indiya a 1992, a ba kamfani kwangilar abinci, a sayar da tikiti. Kwamiti ya amince ba tare da musu ba. Mutanen da kan kwashe awa guda suna gardama a kan launin labule sun yi shiru, ni kuwa na fassara shirun da yarda.

Ranar taro rabin kujeru babu kowa, abinci ya yi kwantai, muka yi asara. Asarar kuɗin ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya, domin kuɗin wata-wata ya daina shigowa, kuma babu wanda ya yi fushi a fili, kowa dai ya ce aikin dare ne ya riƙe shi.

Surukina ne ya zaunar da ni. Ya ce, "Ɗana, kafin mutum ya zama ɗan Goa, ɗan ƙauyensa ne." Ya ba ni labarin gidajen da suke kira kudd a Bombay, inda kowane ƙauye ke da masaukinsa na ma'aikatan jirgin ruwa da masu girki, da asusunsa na mutuwa. Shugabancin bikin waliyyi kuwa girma ne da iyali kan jira shekaru kafin ya zagayo kansu. Matan da na hutar, a tunanina, su ne masu dafa sorpotel kwanaki kafin biki (ni ba na cinsa, na naman alade ne, amma na san darajarsa a wurinsu), su ne masu gasa wani irin kek mai suna bebinka hawa-hawa da haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ban rage musu wahala ba, aikinsu na ƙwace, kuma wanda ba shi da aiki a ƙungiya baƙo ne, ya ga dama ya zo, ya ga dama ya zauna gida.

Akwai ƙaramin kuskure a cikin babban. Da Turanci kaɗai na rubuta sanarwa, abin da ya dace da iyalan da suka zo daga Gabashin Afirka, musamman bayan korar da Idi Amin ya yi wa 'yan asalin Asiya daga Uganda a 1972. Amma mafi yawan 'yan Swindon sababbin zuwa ne da fasfo ɗin Fotugal, wanda suka samu saboda mulkin da ƙasar ta yi wa Goa daga 1510 zuwa 1961, kuma Konkani na baƙaƙen boko suke karantawa a coci.

Rasuwar wani magidanci ce ta buɗe mini ido sosai. Ana so a mayar da gawarsa gida, asusunmu kuwa fayau. Cikin 'yan kwanaki dattawan ƙauyuka suka bi gida-gida suka haɗa kuɗin, babu wanda ya nemi sakatare. Ƙungiyar tana nan da ranta, ni ne na tsaya a inda ba ta.

Na mayar da bukukuwan, na bar wa kowane ƙauye lissafinsa da rigimarsa, aikina ya koma hana ranaku cin karo da kula da asusun mutuwa. Yanzu duk shawarar da ta wuce ba gardama, ɗage ta nake yi zuwa zama na gaba. Shekara biyu muka yi kafin kuɗin wata ya daidaita. Ƙauye ɗaya dai bai dawo ba, sun kafa tasu ƙungiyar, kuma duk shekara sukan aiko mini da katin gayyata cikin mutunci, a wannan zauren da na ce hayarsa almubazzaranci ce.