Wayar da na ɗauko a Terminus

Jiya na shafe kusan awa uku a shagunan waya na kasuwar Terminus da ke Jos, ina jujjuya waya biyu a hannu. Ɗaya iPhone ce ta hannu, ɗaya kuma Tecno sabuwa fil a kwali. Gaskiya raina ya biya da iPhone ɗin. Na ɗauki hoton tumatirin da ke cikin ledata da ita, ya fito jajur, har laimar jikinsa ana gani. Irin hoton nan ne ke sa kwastoma a Abuja ya ce a loda masa kwando biyar.

Amma ni tun asuba ina kasuwar Farin Gada, ba na ganin soket sai bayan la'asar. Direbobi na kira, masu saye na turo shaidar biya ta WhatsApp, Hajiyarmu kuma tana nemana a layin gida. Tsohuwar wayata ta taɓa mutuwa ana tsakiyar ciniki, cinikin buhun dankali goma ya kuɓuce mini. Har yau abin yana raina.

Mai shagon ya nuna Tecnon ya ce, "Alhaji, batirin wannan 5000mAh ne, wato yana riƙe caji sosai, kuma layi biyu take ɗauka."

Tecnon na ɗauka. Ragowar kuɗin na zuba a jari.