Ranar da 641 ta ƙaryata ni a gaban aji

Har yau in na ga 641 a rubuce, ko a jikin mota ne, sai raina ya sosu.

Wata Alhamis na rubuta wa 'yan ajin ƙarshe 4,294,967,297 a allo, wato 2 a jera ta sau 32 a ninka, sannan a ƙara 1. Muka bi ta da sauri: mara ce, ba ta ƙare da 5 ba, alƙalumanta in an tara 59 ne, don haka 3 ba ta raba ta. Tun da dare na riga na yi mata gwajin ƙaramar ƙa'idar Fermat, wani masanin lissafi, a kwamfuta. Gwajin shi ne a ɗauki wata lamba a matsayin tushe, ni 2 na ɗauka, a jera ta sau adadin lambar da ake gwadawa ban da ɗaya a ninka, sannan a raba da lambar; in ba mai rabuwa ba ce, saura 1 zai fito. Saura kuwa ya fito 1. Da wannan na bugi ƙirji na ce musu ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Har suka rubuta a littattafansu.

Ran Litinin wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malam, don Allah a gwada 641." Na gwada a allo, kowa na kallo. Amsa ta fito 6,700,417, babu ko saura.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuskuren ba sabo ba ne. Fermat ɗin kansa, Bafaranshe, ya ɗauka duk lambobin wannan jeri, wato 2 a jera ta sau 1, 2, 4, 8, 16, 32 da haka a ninka a ƙara 1, ba sa rabuwa, domin biyar na farko, 3, 5, 17, 257 da 65,537, haka suke. Masanin lissafi Euler ya warware zancen tun 1732, da wannan 641 ɗin. Kusan shekara ɗari uku ke nan, ni ban bincika ba.

Gwajin da na dogara da shi fa? Hanya ɗaya yake aiki. In lamba ta faɗi, tabbas tana rabuwa. In ta ci, ba a tabbatar da komai ba. Ko 341, wato 11 sau 31, tana cin gwajin da 2. Ita kuwa tawa dole ma ta ci, tunda daga 2 aka gina ta. Da na sa 3 maimakon 2, a take asirinta zai tonu. Canjin alƙalami ɗaya tak!

Kuma ba sai an bi lambobi dubu sittin da biyar ana rabawa ba. Wani masanin lissafi, Lucas, ya nuna duk mai raba lambar tawa sai ta kasance ninkin 128 da ƙarin 1: 129, 257, 385, 513, 641. A gwaji na biyar an gama. Aikin minti goma da fensir.

Na sa kowa ya soke layin da na ba su, na tsaya a kansu sai da na ga an soke. Yanzu ba na yarda da gwajin Fermat sai na sauya tushe, kuma ko an ci sau goma, "mai yiwuwa" nake rubutawa a allo har sai na samu hujja.