Ɗalibai da badalar Kano

Yau na tarar da ƙanena da abokan karatunsa a zaure suna gardama kan badala, yadda ake yankar ta ana kafa shaguna. Mafi yawansu sun ce a tare titi kawai. Sai wani siririn yaro ya ce, "In mun tare hanya, ɗan adaidaita ne zai kwana da yunwa, ya tsane mu. Mu fara ɗaukar hoton abin da ya rage, mu kai wa masu unguwanni."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Lokacin da aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, surutu kawai muka yi a majalisa. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa ce fa. Ina son in raka su ranar da za su je.